Tambayi Likita: Kowane Sashe na Ƙwaƙwalwa da Aikinsa

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tawa: Likita, mahaifinmu ya tashi da asuba hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu. Yana gane abin da muke faɗa, amma in ya buɗe baki kalma ɗaya yake ta maimaitawa. Wasu na cewa jifa ne.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Alamun da kika lissafa na shanyewar ɓarin jiki ne, kuma sun nuna mini inda matsalar take. Jijiyoyin motsi suna gittawa a ƙasan ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, shi ya sa ɓangaren hagu ne ke tafiyar da hannu da ƙafar dama. A wannan ɓangaren na hagu, ta gaba, akwai wurin da ke harhaɗa magana ga mafi yawan mutane. Likitan Faransa Paul Broca ne ya bayyana shi a 1861, bayan ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar mutane. Wurin fahimtar magana kuwa yana can baya, daidai saman kunne. Carl Wernicke na Jamus ya bayyana shi a 1874. Da alama na Baba bai taɓu ba.

Jini ne ya daina isa wani sashe na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar Baba, ko jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo haka. Sai hoton sikana ne ke bambanta su. Don haka kada ku ba shi asfirin da kanku, in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu, haɗiya na iya ba shi wuya ya shaƙe. Ku kai shi babban asibitin Tawa yau ɗin nan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kawo mana irin waɗannan dattawa bayan mako guda, an gama yawon neman magani a gari. Ku riƙa yi masa magana a hankali, yana jin ku. Da gashi da motsa jiki, wasu sassan kan karɓi wani abu daga aikin wanda ya lalace.

Tambaya daga wani matashi a Bukoki, Yamai: Yayana ɗan kabu-kabu ne, ya faɗi ya bugi goshi. Ya warke, amma ya koma mai zafin rai da zagi, ga ɓarnar kuɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, bayan goshi ne sashen da ke kula da tsara al'amura, kunya da danne zuciya yake. In ya ji rauni, mutum na tafiya da ƙafarsa lafiya lau, amma hali ya sauya. An san haka tun 1848, lokacin da ƙarfe ya ratsa wannan sashe na ƙwaƙwalwar Phineas Gage, ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka. Yayanka bai zaɓi wannan hali ba, ku yi haƙuri da shi, ku kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Kafin ya warware a ba wani riƙon kuɗinsa, kuma kada ya sake hawa babur babu hular kwano.

Tambaya daga wata uwa a Yamai: Ɗiyata takan ce tana jin ƙauri, sai ta ƙura ido tana tauna baki kamar minti ɗaya, daga baya ba ta tuna komai.

Amsa: Hajiya, wannan ya yi kama da farfaɗiyar da ke tasowa daga sashen gefen kai, inda jin wari da ajiyar tunani suke maƙwabtaka. Ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba, kuma ba a ɗaukar ta daga yawu ko taɓawa. Ki ɗauki bidiyonta da waya in abin ya zo, ki nuna wa likita. Magani na tsayar da ita ga yawancin yara, muddin ana sha kullum. Kafin nan, kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu, rijiya ko kogi.