Amsa ga masu tambayar gidan dala 1,000 a Detroit

Wani ƙanena ya turo min hoto a WhatsApp, wai ya ga ana gwanjon gidaje a Detroit, birnin da ke jihar Michigan ta Amurka, daga dala 1,000, idan ya samu bizar karatu zai sayi ɗaya ya huta da biyan haya. To ƙanena, da kai da sauran masu damuna da maganar nan, ku saurara.

Gidajen akwai su, ba ƙarya ba ne. Amma a 1950 mutum wajen miliyan 1.8 ke garin nan, lokacin da kamfanonin mota ke ɗibar ma'aikata, yau ko 700,000 ba su cika ba. Masana'antu suka tashi, Turawa da masu hali suka kwashe suka koma unguwannin bayan gari, musamman bayan tarzomar 1967, suka tafi da harajinsu, har ta kai a 2013 birnin ya je kotu ya ce ya karye, da bashin dala biliyan 18 a wuyansa. Irin gidan da ka gani, galibi ɓarayi sun riga sun zare wayoyin wuta da bututun ruwa, rufi na yoyo, ba abin ɗumama ɗaki, kuma sanyin Michigan ba hunturun Kano ba ne da za ka ja bargo ka kwana. Hukumar da ta sayar maka ma wa'adi za ta ba ka, ka gyara ko ta karɓe abinta. Da wane kuɗi? Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin da ake karatu, shi ma a cikin makaranta.

Ni abin da ya fi ƙona min rai mota ce. Ayyuka da yawa sun bi masu kuɗi bayan gari, bas kuma sai ta ga dama. Na sha tsayuwa cikin dusar ƙanƙara da asuba yatsuna sun ƙage, na isa a makare oga na hararata. Da na sayi ƙwaraƙwarar mota sai inshora ta kusa kashe ni, adireshin Detroit kaɗai ya isa a tsuga maka kuɗi. Gidan da nake ciki yanzu a bayan gari, alhamdulillahi, da aikin dare na mallake shi.

Tsakiyar garin kam ta fara farfaɗowa, Ford ta gyara tsohuwar tashar jirgin ƙasa aka buɗe a 2024, sai dai haya a kusa da jami'ar Wayne State ta tashi sosai. Idan Allah Ya kawo ka, nemi abokin raba ɗaki a Hamtramck, wani ƙaramin gari da ke manne da Detroit, akwai masallatai da naman halal, kuma ka taho da kuɗin hayar wata uku aƙalla.