Amsa kan 'yan damben da ake ta dokewa amma ba a daina kiransu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ga wani ɗan damben boksin na ajin masu nauyi da aka doke shi fiye da sau arba'in, nasarorinsa ba su kai ashirin ba, amma har gobe ana gayyatarsa yana hawa dandali, shi ne kake tambaya ko sayar da wasa yake yi, ko kuwa zuciya ce ba shi da ita. Na ga wasu sun riga sun amsa maka da cewa ragwaye ne kawai masu neman na abinci. Neman na abinci kam gaskiya ne, amma ragwanta ban yarda ba. Na daɗe ina taimakawa a wani gidan horon dambe a Ingila, ni ne mai riƙe bokiti da tawul a kusurwa, kuma mafi yawan waɗanda na tsaya wa irin mutumin nan ne da ka gani. 'Yan damben haya ne, kuma sana'a ce mai zaman kanta.

Sai ka fara gane yadda ake gina zakara. Idan mai shirya wasa ya samu yaro mai tashe, ba zai jefa shi gaban gwani tun ranar farko ba, domin faɗuwa ɗaya tana karya masa kasuwa. Yana buƙatar wasa goma zuwa goma sha biyar da yaron zai koyi aiki, ya saba da turmi huɗu, sannan shida, sannan takwas, ba tare da an lalata masa tarihi ba. To wa zai tsaya a gabansa? Idan aka kawo wanda naushi ɗaya zai zube, yaron bai koyi komai ba, 'yan kallo kuma sun yi asarar kuɗinsu. Idan aka kawo wanda ya fi ƙarfinsa, jari ya karye. Abin da ake nema shi ne mutumin da ya iya dambe sosai, zai sha naushi bai faɗi ba, zai sa yaron gumi da tunani, amma a ƙarshe alƙalai su ɗaga hannun ɗan gida. Irin wannan mutum ba shi da yawa, musamman a ajin masu nauyi, shi ya sa wayarsa ba ta hutawa.

A ƙananan wasanni a Ingila, ɗan gida shi ke yawon sayar da tikiti, kuma daga cinikinsa ake biyan abokin karawarsa kafin shi ya ga nasa. Ɗan haya ba ya sayar da ko ɗaya. Ya zo, a auna shi, ya yi aikinsa, ya karɓi ladansa, ya fitar da kashi 10 cikin ɗari na mai horarwa, manaja ya ɗauki nasa wanda zai iya kai kashi 25, ya kama hanyar gida. Sau da yawa kiran na zuwa ne saura kwana biyu ko uku, wani lokaci ma ranar, saboda wanda aka shirya da shi ya ji rauni. Kusan duk waɗanda na sani suna da wani aikin da rana: masu gadi, direbobin manyan motoci, leburorin gini.

Yanzu batun sayar da wasa. Ban taɓa jin an ce wa ɗan dambenmu ya faɗi a turmi kaza ba. Ba a buƙatar faɗa. Kowa ya san cewa baƙo ba ya cin wasan da aka yi kankankan, kuma kowa ya san cewa idan ka shiga kunyata yaran mutane, masu shirya wasa za su daina kiranka. Ga kuma doka: a Ingila idan alƙalin wasa ya tsayar da dambe saboda kana shan kashi, za a dakatar da kai aƙalla kwana 28, kuma duk wasan da aka yi maka alkawari a cikin kwanakin ya wuce ka. Saboda haka lissafin ɗan haya shi ne ya kai ƙararrawar ƙarshe a tsaye, ba yanka a gira, ba karaya a hannu. Yana rufe fuska, yana rungume yaro idan ya matso, yana jingina da igiya yana zamewa, yana kai naushi daidai gwargwadon da zai hana alƙali tsayar da wasa. Ko a kira wannan sayar da wasa? Ni dai ban kira shi haka ba, amma ba zan ce maka dambe ne na tsakani da Allah kamar yadda ake tallarsa ba. Yana tsakiya, kuma duk wanda ke cikin harkar ya san da haka.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne gwanintar da ake buƙata kafin a yi rashin nasara lafiya lau. Ajin masu nauyi ya fara ne daga sama da kilo 90, kuma ba shi da iyaka ta sama. Naushin mutum mai kilo 110 ba irin na ƙananan azuzuwa ba ne. A ƙananan azuzuwa ne za ka samu irin su Peter Buckley na Birmingham, wanda ya yi wasa 300, aka doke shi a 256, ya yi ritaya a 2008. Mai nauyi ba zai iya hawa dandali duk mako biyu haka ba, jiki ba zai ɗauka ba. Shi ya sa nake girmama Marion Wilson na Amurka. Ya yi wasa fiye da hamsin, an doke shi fiye da arba'in, amma ba wanda ya taɓa gamawa da shi kafin lokaci. Kuma dubi waɗanda ya tsaya a gabansu: Andrew Golota, Shannon Briggs, Hasim Rahman, Ike Ibeabuchi. A 1994 ya yi kunnen doki da Ray Mercer. Wanda ya kalli alƙaluman tarihinsa kawai zai ce rago ne, alhali manyan masu naushi na zamaninsa sun gwada shi sun gaji.

Wani lokaci kuma lissafin masu kuɗi kan watse. A watan Disamba na 1998 aka kai Ross Puritty birnin Kiev domin Wladimir Klitschko ya nuna kansa a gaban mutanensa. Klitschko ya ci wasa 24 ba a doke shi ba, shi kuwa Puritty an doke shi fiye da sau goma. Ya yi ta shan naushi yana matsowa har saurayin ya ƙone ƙarfinsa, a turmi na 11 mai horar da Klitschko ya shiga dandali aka tsayar da wasa. Haka Jesse Ferguson, wanda ya daɗe yana aikin abokin atisaye, har da na Mike Tyson. A Fabrairun 1993 ya doke Ray Mercer, har aka zargi Mercer da yi masa tayin dala 100,000 ana cikin wasan don ya faɗi, kodayake kotu ta wanke Mercer daga baya. Nasarar ta ba Ferguson damar neman kambun duniya a hannun Riddick Bowe a watan Mayu na shekarar, inda aka gama da shi a turmi na biyu. Irin waɗannan labaran ne ke riƙe wasu a cikin sana'ar fiye da ƙima, kowa yana ganin tasa ranar na tafe. Ga mafi yawansu ba ta zuwa.

Atisayen da na ambata shi ne rabin abincin ɗan haya mai nauyi. Idan zakara zai yi babban wasa, yakan ɗauki manyan mutane a sansaninsa ana biyansu mako-mako. Can ma akwai siyasa: ka yi sanyi a sallame ka, ka matsa wa maigida da yawa a sallame ka. Larry Holmes ya yi wa Muhammad Ali wannan aikin kafin ya zama zakaran duniya a 1978, amma irinsa ɗaya ne a cikin dubu. Kuma a ganina dukan da ake sha a atisaye, wanda ba ya shiga tarihin kowa, ya fi na dandali yin ɓarna.

Nan ne inda nake rabuwa da masu yabon sana'ar ido rufe. Akwai 'yan haya iri biyu. Akwai wanda tun farko ya zaɓi hanyar, ya koyi kare kai, ya san ranar da zai ajiye safar hannu. Akwai kuma wanda ya taɓa zama babba, ƙarfi ya ƙare, sunansa kawai ya rage ana saye don a ƙawata tarihin yara. Kevin Johnson ya yi turmi 12 da Vitali Klitschko a 2009, ya sake yin 12 da Tyson Fury a 2012, ba wanda ya taɓa tsayar da shi sai Anthony Joshua a 2015, daga nan ya ci gaba da yawon ƙasashe ana doke shi. Danny Williams da ya sumar da Mike Tyson a 2004 ya ƙare yana dambe a ƙananan dandali a Turai shekara da shekaru bayan kowa ya ga ya kamata ya huta. Mafi muni shi ne Greg Page, tsohon zakaran duniya, wanda a 2001 ya hau dandali a jihar Kentucky kan dala 1,500, ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2009. Na biyun nan su ne nake jin tsoro a kansu, domin sun saba da tsayawa a yi musayar naushi, ba su koyi ɓuya ba. Alamun kuma a hankali suke zuwa: magana ta fara nauyi, mutum ya tambaye ka abu sau uku, ƙafa ta fara ja. Idan hukumar ƙasarsa ta hana shi lasisi, sai ya tsallaka inda ba a tsananta bincike.

Saboda haka idan ka koma kan tarihin mutumin da ka gani a BoxRec, shafin intanet da ke ajiye tarihin wasannin 'yan dambe, kada ka tsaya a yawan faɗuwar. Duba sau nawa aka gama da shi kafin lokaci, su wa suka doke shi, da kuma yaushe. Idan faɗuwa arba'in ce amma kusan duk da maki ne a hannun yaran da ba a taɓa dokewa ba, ƙwararre ne, ka kalli wasansa za ka koyi kare kai fiye da abin da za ka koya a wurin zakara. Idan kuwa ka ga a wasanni biyar na baya-bayan nan ana gamawa da shi a turmi na ɗaya ko na biyu, alhali da ba haka yake ba, to wannan ya kamata a ce na kusa da shi sun karɓe masa safar hannu tun bara.