Kafin ka huda gwangwanin nan ka sa masa adafta

Ka ce ka ga ana haɗa 'yar amfilifayar hedifon a cikin gwangwanin alewa, kana da LM386 guda biyu, 'yan aisin (IC) ƙara sauti da ka ciro daga mataccen rediyo, kuma kana so ka san ko za ka iya ba ta wuta da adafta tunda batir mai bolt 9 ya yi tsada. Da a kan LM386 kaɗai ka tsaya, da na ce ka je ka share shago. Maganar adaftar ce ta sa na ajiye abin da ke hannuna. Jawo benci, kuma ka kife wayar nan.

LM386 ka mayar da shi inda ka samo shi. Don ƙaramar sifika mai om 8 aka yi shi, yana ninka sauti sau 20 ko kana so ko ba ka so, in ka ƙara kwandansa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya hau 200. A sifika ba ka jin shuuu ɗin da yake yi, amma hedifon a bakin dodon kunne yake, komai sai ya kawo maka. Ku yaran yanzu in abu ya yi ƙara shi ke nan ya yi kyau.

Abin da ka gani sunansa CMoy, daga sunan wanda ya fitar da zanen, Chu Moy, wajen 1998. Kayansa ba su cika tafin hannu ba. Aisi ɗaya mai ƙafa takwas, wanda ke ɗauke da amfilifaya biyu a ciki, ɗaya ta kunnen hagu ɗaya ta dama. OPA2134 ko OPA2132 aka fi sawa. Ƙafa ta 8 fozitib, ta 4 negetib. Ɓangare na farko sauti na shiga ta 3 ya fita ta 1, ta 2 ita ce ta komowa. Na biyu yana shiga ta 5 ya fita ta 7, ta 6 ta komowa. Ka haddace wannan, don kusan duk aisi irinsa, 4558 ne ko TL072 ko NE5532, haka ƙafafunsu suke.

Kowane kunne ga abin da yake ci: sauti ya fito daga bolum mai 10k, nau'in A ba B ba, ya bi ta kwandansa mai 0.1uF, wadda ake rubuta wa 104, ya shiga ƙafa ta 3. Daga ƙafa ta 3 rasista mai 100k ta sauka giraun, wato layin sifili da ake auna wuta daga kansa. Daga ƙafa ta 2 rasista mai 1k ta sauka giraun, wata mai 10k kuma ta haɗa ta 2 da ta 1. Ninkin shi ne babbar a raba da ƙaramar a ƙara ɗaya, wato 11. Launin rasista da yadda ake yanke layin berobod a ƙarƙashin aisi ba zan faɗa ba, wanda bai san wannan ba bai kai ya riƙe ayan ɗin narka dalma ba.

Ninki 11 ɗin nan ba na son sa. Ya dace da manyan hedifon masu om 250 ko 300, irin Beyerdynamic DT 770 mai 250 ko Sennheiser HD 600. Su ne wayar salula ba ta iya turawa, don ƙarfin da take fitarwa da ƙyar yake kai bolt ɗaya. Wannan 'yar amfilifaya da sabon batir tana ba da kusan bolt 2, a kan om 250 ya kama miliwat 16, ya ishi kunnen mai hankali. Amma naka iyafis ɗin kasuwa om 32 ne ko 16. In ka bar ninki 11, da ka taɓa bolum kaɗan ya cika kunne, kuma a ƙasa-ƙasan nan ne bolum mai araha yake ha'inci, kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Cire 10k ka sa 3.3k, ninki ya dawo 4.3. Kwandansar shiga ka nemi ta roba, kar ka sa 'yar faifan nan mai ruwan ƙasa. Ita da 100k suna fara yanke sauti wajen haz 16, ƙasa da abin da kunne ke ji, don haka duk wanda ya ce maka tana cinye bes bai yi lissafi ba.

To ga inda tambayarka ta dosa. Aisin nan wuta biyu yake so, fozitib da negetib, giraun a tsakiya. Batir kuwa baki biyu gare shi. Sai aka yi dabara: rasista biyu masu 4.7k a jere daga fozitib zuwa negetib, kowace da kwandansa mai 220uF a gefenta. Mahaɗarsu ta tsakiya ita ake kira giraun, bolt 4.5 sama, 4.5 ƙasa. Giraun ɗin aro ne. Jikin jak na shiga, jikin jak na fita, gwangwanin kansa, duk a wannan tsakiyar suke zaune. Negetib ɗin batir bai da izinin taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ranar da ya taɓa, rabin wutar ya mutu, aisi ya rasa tsakiyarsa, ya watso wutar batir tsaye, wato DC, cikin hedifon. Wayar da aka naɗa a cikin hedifon ta fi gashin kai siranta. Zafi take ɗauka shiru, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai ka ji kunne ɗaya ya fara kakkarwa, sannan ya mutu.

Wani mai ɗaukar sauti a situdiyo ya taɓa sa aka haɗa masa irin wannan a shagon nan. A gabansa aka ɗora mita a bakin fita, ya ga lambar da idonsa, aka ce masa batir kaɗai, in yana son adafta ya dawo a yi masa yadda ya kamata. Ya ce ya ji. Ashe kuɗin batir ya dame shi. Ya kai wa wani yaro mai gyaran caja a bakin titi, yaron ya huda gwangwani ya ɗaura soket ɗin adafta na ƙarfe, irin mai goro, wanda jikinsa shi ne negetib. Ya ɗaure goro tam a jikin gwangwanin da ke giraun. Kai yanzu ka san abin da ya biyo baya. Hedifon ɗin ma ba nasa ba ne, na mai situdiyon ne, daga waje aka kawo shi, kuɗinsa ya fi hayar shagon nan nesa ba kusa ba.

Da mutumin ya zo ya ce ga abin da ya faru, da an zauna an ga yadda za a yi. Sai ya cire soket ɗin, ya mayar da wayar batir, ya manna sitikar kulob ɗin ƙwallo a kan hudar, ya taho da rakiyar mutum biyu da ba su san fozitib daga negetib ba, yana ɗaga murya a layi wai kayan shagon nan sun ƙona masa hedifon. Aka buɗe gwangwani. Ga garin ƙarfe na huda a maƙale a kusurwa. Ga dalma baƙa ƙirin, dunƙule kamar kashin akuya, a inda tamu take sheƙi. Aka ɓare sitika, ga huda har da zoben da goro ya ci a fenti. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa haka ya karɓe ta. Shugabannin layi suka shiga, ka san sulhun kasuwa, ba mai gaskiya ake nema ba, wanda zai iya haƙuri ake nema. Aka ce a raba asara biyu. Shagon da bai huda komai ba ya biya rabin kuɗin hedifon, kuma wanda ya yi hudar ko sunansa ba a ambata ba. Har yau mutumin yana wucewa ta ƙofar nan a kan babur, har hannu yake ɗagawa. Tun daga ranar ba abin da ke fita daga nan sai an ɗiga jan farce a kan sukurorinsa, an rubuta awon mita a takarda mai shi ya sa hannu. Masu cewa na cika tsanani ba su ne suka ƙirga kuɗin ba.

Adafta tana yiwuwa, da sharaɗi uku. Soket ɗinta na roba ne, ba inda ƙarfensa ya taɓa gwangwani. Adaftar ta amfilifaya ce ita kaɗai, ba ta raba wuta da abin da ke ba da sautin. In ka ɗauko wuta daga batirin mota ko na sola wanda rediyon ma a kansa yake, ko daga jikin kwamfutar da ka jona, to wayar sautin da kanta za ta haɗa negetib da giraun, ka koma gidan jiya ko da soket ɗin roba ne. Na uku, wutar ta zama tatacciya: taransifoma, dayod huɗu, kwandansa mai 1000uF ko fiye, sannan 7812, aisin da ke tsayar da wuta a bolt 12. Cajar waya bolt 5 ce, a raba biyu ya zama 2.5, daidai gaɓar da OPA2134 ke daina aiki, ga ƙugi da tsuwa da take turowa. Ka sa dayod 1N4001 a layin fozitib saboda ranar da wani zai juya baki.

Batir ɗin ma da kake kuka da shi, aisin yana jan kusan miliam 8, rasistocin tsakiya 1, 'yar fitila da rasista 10k ba ta kai 1 ba. Alkalin mai kyau yana da wajen miliam-awa 500, ka raba da goma ka ga awa nawa ne. Masu arahar nan marasa nauyi ba sa zuwa ko kusa.

Giraun ɗin aro yana da wani rauni. Rasista 4.7k ba ta da ƙarfin riƙe tsakiya in hedifon mai om 16 ko 32 yana jan wuta da yawa, sai ka auna ka ga gefe ɗaya 6 ɗaya 3, sauti ya fara fashewa. Maganinsa TLE2426, ƙafa uku gare shi kamar taransisto, aikinsa ke nan raba wuta biyu daidai. In bai samu ba, batir biyu a jere, ka ɗauki mahaɗarsu ta zama giraun na gaske. Sai dai makunnin ya zama mai yanke layi biyu lokaci guda, kuma tare ake canza su, don in ɗaya ya riga ɗaya mutuwa wuta tsaye za ta iya fita.

Sai jabu. Ana goge bayan 4558 a buga masa OPA2134. In farashin ya yi maka daɗi, ka yi zargi. Goga masa auduga da ruwan goge farce, rubutun kamfani ba ya fita. Sannan ka auna abin da yake ja, na gaske wajen miliam 8, in ka ga 3 an yi maka sakiya. Shi ya sa ake dasa soket mai ƙafa takwas a allo, ba a narka dalma a ƙafar aisi.

In NE5532 ko 4556 ka samu, suna aiki, 4556 ma ya fi ƙarfin tura ƙaramin hedifon, yana ba da har miliam 70. Amma kar ka cusa su a zanen nan yadda yake. Ƙafarsu ta shigar sauti tana jan 'yar wuta, a NE5532 kamar nanoam 200. Ta bi ta 100k ta zama milibolt 20, ninki 11 ya mayar da ita 220 a kunnen mutum. Sauke 100k zuwa 10k, ɗaga kwandansar shiga zuwa 1uF, bar ninki a 4.3, sai ta dawo ƙasa da milibolt 10. Kuma 5532 ba ya sakewa a batir ɗaya, ba shi biyu. TL072 ba shi da waccan matsalar, amma ba shi da ƙwari, om 32 na durƙusar da shi.

Kwandansa 104 guda biyu, ɗaya daga ƙafa ta 8 ɗaya daga ta 4 zuwa giraun, manne da aisi, ƙafafu gajeru. In aisi yana zafi alhali ba kiɗa, ko batir na ƙarewa da wuri, kaɗawa yake yi a sautin da kunne ba ya ji, sa rasista mai om 10 zuwa 47 a bakin fita. Wayoyin giraun duka su haɗu a wuri ɗaya. Shimfiɗa kwali ko roba a ƙasan gwangwani kafin allo ya zauna.

Gwaji kuma bi da bi ne. Kafin ka sa batir, mita a kan ƙara, tsinke ɗaya a gwangwani ɗaya a negetib: in ta yi tsuwa ta ci gaba da yi, tsaya nan. Sa batir ba aisi, auna soket, ƙafa ta 8 ta ba ka 4.5 sama, ta 4 ta ba ka 4.5 ƙasa. Kashe, dasa aisi, duba tsagar kansa. Kunna, mita a milibolt na DC, auna ƙafa ta 1 da ta 7 zuwa giraun. Ƙasa da 20 ka wuce, sama da haka nemo dalili. Hedifon na farko da za ka jona ya zama mai araha wanda ba mai kuka in ya mutu, bolum a ƙasa, kuma ba a kunnenka ba, a kan tebur. Akwai matattun iyafis masu kunne ɗaya a durowar ƙasa, ɗauki biyu. Allon kuma ka kawo mini in gani kafin ka rufe murfi.