Ku Tambaya, Mu Amsa: Gasar Duniya ta Jifan Kibiya

Kusan rabin wasiƙun da suka shigo wannan karon kan abu ɗaya suke, wato gasar duniya ta dats, wasan jifan faifai da ƙananan kibau, da ake bugawa a Landan daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, daidai lokacin da hunturu ke kaɗawa a nan wajenmu. Ni malamin lissafi ne a Gombe, kuma ta ƙofar lissafi son wasan nan ya shige ni, don haka za ku ga lambobi da dama a amsoshin.

Tambaya: Malam, mun je gidan kallo a Jekadafari ranar da babu ƙwallo, sai mai gidan ya kamo wata tasha. Ga wasu manyan mutane suna jifan faifai da 'yan ƙananan kibau, jama'a cike da zaure suna ihu. Me ake ƙirgawa, kuma wace gasa ce? Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Ƙanena, zauren da ka gani shi ne Alexandra Palace a arewacin Landan, inda ake yin gasar tun Disambar 2007. Hukumar PDC, ta ƙwararrun 'yan wasan dats, ce ke shirya ta.

Faifan an raba shi gida ashirin, daga 1 zuwa 20, amma ba a jere suke ba. Lamba 20 ce a can sama, 1 na damanta, 5 na hagunta, don duk wanda hannunsa ya kauce kaɗan ya ji a jikinsa. Akwai siririn zobe a bakin faifan, wanda ya soke shi an ninka masa makin gidan sau biyu. Akwai wani a ciki, shi kuma ninki uku. Cibiyar faifan 50 ce, zoben da ya kewaye ta 25. Ka ga ke nan ba cibiya ce ta fi tsoka ba, ninki ukun 20 ne, maki 60, a ɗan wurin da faɗinsa milimita 8 ne kacal, kuma daga nisan mita 2.37 ake jifa. Idan kibau uku suka shige can, an samu 180, shi ne abin da ka ji mai shela yana ja wa murya, jama'a suna tashi tsaye.

Kowa da maki 501 yake farawa, ana ɗebewa har a kai sifili. Sharaɗin da ke kayar da manya shi ne dole kibiyar ƙarshe ta faɗa ninki biyu ko cibiya. In ka zarce abin da ya rage maka, jifanka na wannan karon ya tashi a banza. Wanda ya riga kai sifili ya ci turmi ɗaya, turmi uku zango ɗaya ke nan, a wasan ƙarshe kuwa wanda ya fara haɗa zango bakwai shi ne zakara. Mafi girman abin da za a iya rufewa da kibau uku shi ne 170: sittin, sittin, sai cibiya.

Tambaya: Gardama ta sarƙe a majalisarmu. Wani ya ce Phil Taylor ya ci kofin duniya sau 14, wani ya rantse sau 16 ne. Wa ke da gaskiya? Kuma yaron nan Littler zai kamo shi? Daga wani direba, Azare.

Amsa: Ɗan'uwa, kowannensu ya kama gaskiya ta gefe ɗaya, domin an yi shekaru ana gasar duniya biyu a lokaci guda.

Ta farko hukumar dats ta Birtaniya, BDO, ce ta fara ta a 1978 a Nottingham, Leighton Rees ɗan Wales ya ci. A shekarun 1980 wasan ya yi tashe a talabijin ɗin Birtaniya, Eric Bristow ya ɗauki kofin sau biyar. Amma kafin ƙarshen shekarun sai gidajen talabijin suka janye ɗaya bayan ɗaya, masu ɗaukar nauyi suka bi su, kuɗi suka ƙafe. Manyan 'yan wasa suka ga abincinsu na neman ƙarewa, hukumar kuma ba ta da wani kataɓus. Su goma sha shida suka haɗa kai da manajojinsu da masu ƙera kayan wasan suka kafa tasu ƙungiyar, WDC. Gasar 1993, wadda John Lowe ya ci, ita ce ta ƙarshe da aka buga tare. BDO ta haramta musu shiga duk wata gasa da ke ƙarƙashinta, magana ta kai kotu, sai a 1997 aka yi sulhu, sabuwar ƙungiyar ta canza suna zuwa PDC.

Gasarsu ta farko an kammala ta ne a farkon Janairun 1994 a wani gidan nishaɗi mai suna Circus Tavern a Purfleet. 'Yan wasa 24 ne kawai. Dennis Priestley ya lallasa Taylor da ci 6 da 1, ya tafi da fam 16,000. A riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Kafin rabuwar, Taylor ya riga ya ci ta BDO sau biyu, 1990 da 1992. Ta 1990 ɗin tana da daɗin labari. Taylor ma'aikacin masana'antar tangaran ne a Stoke-on-Trent, Bristow ne ya ga hannunsa, ya ranta masa fam 10,000 don ya riƙa zuwa gasanni. Sai ga su a wasan ƙarshe, yaron gida ya doke ubangidansa 6 da 1. A PDC kuma ya ci sau 14. Biyu da goma sha huɗu, goma sha shida.

A cikin sha huɗun nan, takwas a jere suke, daga 1995 zuwa 2002. Daga 1994 har 2007 babu wasan ƙarshen da aka buga ba da shi ba. John Part ɗan Kanada ne ya katse masa hanzari a 2003. A 2007 Raymond van Barneveld ɗan Holand, wanda bai daɗe da baro BDO ba, yana baya da zango uku ba ko ɗaya, ya farfaɗo ya ci 7 da 6 a turmin raba gardama. Kofin Taylor na ƙarshe a 2013 ne, yana da shekara 52. Ya sake kai wasan ƙarshe a 2018, Rob Cross, tsohon mai aikin wayar lantarki da ya zo gasar karon farko, ya doke shi 7 da 2, daga nan ya ajiye kibau.

Akwai masu rage wa Taylor daraja, suna cewa kofunansa na farko a PDC cikin 'yan tsiraru ya ci su. Ban yarda da su ba, kuma ga dalilina. A wasan nan abokin karawarka ba ya tare ka, ba ya taɓa kibiyarka. Kai da faifai ne. Ana auna ɗan wasa da matsakaicin makin da yake samu a kowane jifa uku, kuma wannan adadin bai damu da ko mutum 24 ne a gasar ko 128 ba. A wasan ƙarshe na 2009, bayan gasar ta cika ta batse, Taylor ya yi matsakaicin 110.94 a kan van Barneveld, ya ci 7 da 1. Har yau babu wanda ya kai haka a wasan ƙarshe. Mafi girma a wasa ɗaya a duk tarihin gasar kuwa na Michael van Gerwen ne, 114.05, a wasan kusa da na ƙarshe a 2017, shi ma a kan van Barneveld ɗin.

Sai Luke Littler. An haife shi a Janairun 2007. Yana da shekara 16 ya kai wasan ƙarshe na 2024, Luke Humphries ya doke shi 7 da 4. Shekara na zagayowa ya ci van Gerwen 7 da 3, ya zama zakara mafi ƙarancin shekaru, yana 17. Kafin shi van Gerwen ne ke riƙe da wannan a PDC, da shekara 24. A Janairun 2026 ya sake ci, ya karɓi fam miliyan ɗaya. Daga 16,000 zuwa miliyan, cikin shekara 32.

Zai kamo Taylor? Lokaci na gefensa, don Taylor sai da ya kai 29 ya ci na farko. Amma saura masa goma sha huɗu. Ko da zai ci kowace shekara ba fashi, sai 2040 zai yi kunnen doki. Yanzu kuma mutum 128 ke shiga, sai ka ci wasa bakwai kafin ka taɓa kofi. Van Gerwen, da aka ɗauka shi zai gaji Taylor, ya ci a 2014 da 2017 da 2019, daga nan ya kai wasan ƙarshe sau uku yana faɗuwa. Ni dai ina ganin Littler zai wuce biyar ɗin Bristow, amma sha shida ba na sa masa rai, kuma ba don raina hannunsa ba.

BDO kuwa ta durƙushe a 2020.

Tambaya: Malam, da gaske ana iya gama 501 da kibau tara? Daga wata ɗaliba, Kumo.

Amsa: 'Yata, ɗauko biro. 180 da 180 sun ba da 360, saura 141. Ninki ukun 20 sittin, ninki ukun 19 hamsin da bakwai, ninki biyun 12 ashirin da huɗu. Haɗa ki gani. Babu yadda za a yi da ƙasa da tara.

Wanda ya fara yin haka a gasar duniya shi ne Paul Lim, haifaffen Singafo, a ta BDO ta 1990, kuma kyautar fam 52,000 da aka ba shi ta fi ta wanda ya ci kofin. A PDC sai 2009 aka gani, daga hannun van Barneveld. Adrian Lewis ya yi a wasan ƙarshe na 2011. Amma wanda nake so ki nema ki kalla shi ne na wasan ƙarshe na 2023. Van Gerwen ya jefa 180, Michael Smith ya mayar da 180. Van Gerwen ya yi 177, Smith ya sake 180. Saura wa van Gerwen 144: sittin ta shiga, sittin ta shiga, kibiya ta tara ta kauce wa ninki biyun 12 da ɗan ƙiris. Smith ya matso, saura 141, ya zuba ukun nan da na lissafa miki. Kibau goma sha takwas tsakanin mutum biyu, ɗaya ce kawai ta kuskure. Smith ne ya ɗauki kofin, 7 da 4.

Tambaya: Mata na shiga kuwa? Mu 'yan Afirka fa? Daga wata malamar asibiti, Yelwa, Bauchi.

Amsa: Malama, suna shiga, kuma da maza suke karawa a faifai ɗaya, daga nisa ɗaya. A Disambar 2019 Fallon Sherrock 'yar Ingila ta doke Ted Evetts 3 da 2, ta zama mace ta farko da ta ci wasa a gasar. Ba ta tsaya nan ba, ta fitar da Mensur Suljović, wanda ke cikin manya a lokacin, kafin Chris Dobey ya tsayar da ita. Daga Afirka, Devon Petersen na Afirka ta Kudu ya daɗe yana zuwa yana cin wasanni. A Disambar 2025 kuma David Munyua, likitan dabbobi daga Kenya, yana baya da zango biyu ya juyo ya doke Mike De Decker ɗan Beljiyam. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin wasa ne da ba ya neman fili ko ciyawa ko takalmi. Bango da faifai da haƙuri sun isa.

Tambaya: Ɗana ya matsa sai na saya masa faifan nan. Na leƙa abin da yake kallo, na ga ana shan giya, na ga tallan caca. Ba zan jefa shi a hanyar banza ba? Daga wani dattijo, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka gani haka yake. Wasan a mashayun Ingila ya girma, 'yan kallo a zauren nan suna sha, kuma kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin gasar. Damuwarku tana kan hanya. Hukuncin addini na malamai ne, su za ku tuntuɓa. Abin da zan iya shaida muku shi ne wasan kansa babu ƙuri'a a cikinsa, saiti ne da lissafi da natsuwa. In an saya, a kafa sharaɗi tun ranar farko: ba a sa ko sisi a kai, ba a wayar hannu ba, ba tsakanin abokai ba.

Ina da faifai a zauren gidana, kuma na ga abin da yake yi wa yara. Akwai wani yaron maƙwabta da ɗebewa ke ba shi wuya a aji. Wata rana saura masa 48, ya tsaya da kibiya a hannu yana motsa leɓe, sai ya jefa 16 ya bar 32. Na tambaye shi me ya sa bai jefa 8 ya bar 40 ba. Ya ce in ya nemi ninki biyun 16 ya faɗa 16 zalla, saura 16, sai ya nemi ninki biyun 8, in ya kuskure 4, sannan 2, sannan 1, duk ba tare da ya ɓata kibiya ba. Amma 40 daga 20 sai 10 sai 5, a nan ta maƙale, don 5 ba ta rabuwa biyu. Babu wanda ya koya masa, kuma dabarar da ƙwararru da yawa ke bi ke nan.

In za ku saya, ku nemi faifan zaren sisal, wanda ramin kibiya ke rufewa da kansa, ba na naɗaɗɗiyar takarda ba, wanda ke ragargajewa da wuri. A rataye shi cibiyarsa na mita 1.73 daga ƙasa, a sa falankin katako a bayansa don kada bango ya zama rariya. Kada a kafa shi kusa da ƙofa ko inda ƙananan yara ke gilmawa, domin bakin kibiyar ƙarfe ne mai tsini. Kada a jiƙa shi da ruwa ko da ƙurar hunturu ta rufe shi, a goge da busasshen tsumma. Zoben lambobin yana cirewa, don haka lokaci-lokaci a juya faifan a mayar da 20 kan wani baƙin gida, in ba haka ba wuri ɗaya zai cinye. In yaron bai kai shekara goma ba, akwai mai bakin roba, da shi za a fara.