Amsa game da sauya tiyon mai na mota

Malam, ka ce tiyon man motarka ya tsattsage har kana jin warin fetur, kana tambaya ko za ka iya sauya shi da kanka. Za ka iya, amma sai injin ya huce sarai, kuma a fili mai iska, nesa da janareta ko murhu.

Idan motar mai injekta ce, man yana da matsi ko a kashe take, saboda haka ka zare fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da injin har ya mutu da kansa, sannan ka cire baƙar wayar batir. Ka naɗa tsumma a mahaɗar kafin ka kwance, domin ragowar man yakan feso.

Idan ka je saye a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, kada ka karɓi tiyon ruwa. Ka duba rubutun jikinsa, ka nemi mai lambar SAE J30R9, wato tiyon man mota mai injekta, da sababbin kilif na matse shi. Ni dai ban yarda da ɗauri da waya ba. Idan ka mayar da fiyus da batir, ka murɗa makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, ka shafa farar takarda a kowace mahaɗa ka ga ko ta jiƙe.