Shin manhajar taekwondo ɗaya ce a ko'ina?

Ka tambaya ko akwai manhaja ɗaya da ta ɗaure dukkan ƙungiyoyin taekwondo, ganin sabon kocinka ya ƙi amincewa da jan bel ɗinka, wato ɗamarar da launinta ke nuna matakin da ɗalibi ya kai. Amsar ita ce babu. Masu bin tsarin Kukkiwon, cibiyar da aka kafa a birnin Seoul a 1972, suna koyar da jerin motsi takwas na Taegeuk kafin baƙin bel, yayin da ƙungiyar taekwondo ta ƙasa da ƙasa mai suna ITF, wadda Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966, take da nata jeri 24, kuma hatta sunayen dabarun sun sha bamban.

Ko a cikin tsari ɗaya, takardar shaidar Kukkiwon daga baƙin bel take farawa, matakan da ke ƙasa kuwa galibi kowane koci da irin jarrabawarsa. Na taɓa ganin ɗalibi mai jan bel ya tsaya cak a tsakiyar Taegeuk na biyar yana kallon ƙafafunsa, domin a tsohon kulob ɗinsa gwabzawa kaɗai ake dubawa. Saboda haka ka roƙi kocin ya gwada ka. Idan jerin motsinka ya cika, ba shi da hujjar mayar da kai farin bel.