Na rako Hajiya asibiti Delhi, in je Taj Mahal ko in haƙura?

Tambaya: Salam Anti. Na rako mahaifiyata Delhi aikin gwiwa, alhamdulillahi jiki da sauƙi, sai nan da kwana goma za mu dawo gida. Ina son ganin Taj Mahal amma kuɗin hannuna sun ja baya kuma ance da nisa. In je ko in haƙura? Sannan wace tsaraba zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya ba ki ladan jinya. Ni dai shawarata ki je, in akwai wanda zai zauna da ita wuni ɗaya, amma kar ki ɗauke ta don Allah, tafiyar ƙafa a wajen tana da yawa, ba'a barin mota mai fetur ta matso kusa da ginin, mai sabuwar gwiwa ba zata iya ba.

Taj Mahal a Agra yake, kilomita 200 da 'yan kai daga Delhi. Kar ki yarda da shatar mota, ki hau jirgin ƙasa Gatimaan Express daga tashar Hazrat Nizamuddin da safe, awa biyu ba ta cika kin isa, da yamma ya dawo da ke. Ranar Juma'a kuma kar ma ki fara, Taj Mahal ɗin a rufe yake ga masu yawon buɗe ido. Tikitin baƙi rupi 1,100 ne, sai ƙarin 200 in zaki shiga inda kabarin sarkin da ya gina shi da na matarsa suke, kuma ki biya ɗari biyun nan, tunda kin riga kin zo. Sarki Shah Jahan ne ya gina shi saboda matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu wajen haihuwa a 1631, aka kwashe shekara ashirin ana aiki, ki tsaya ki karanta ayoyin Alƙur'anin da aka zana a jikin ƙofofi da baƙin dutse, wallahi abin sai wanda ya gani. In da sauran lokaci ki leƙa Agra Fort, tsohuwar fadar sarakunan, nan Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan har ya rasu a 1666, daga taga yana hango kabarin matarsa.

In kuma babu mai zama da Hajiya, Delhi ma ba a baya take ba, babban masallacinta Jama Masjid shi dai Shah Jahan ɗin ne ya gina, aka gama a 1656, ki yi sallah a ciki ki dawo kafin la'asar.

Maganar tsaraba, ƙananan Taj Mahal ɗin da yara ke bin mutum da su a bakin ƙofa yawanci ba marmara ba ne, dutse ne mai laushi da ko farce yana kankare shi, kuma duk shagon da direba ya kai ki da la'adarsa a cikin farashin. Ki adana kuɗinki sai kasuwar Chandni Chowk da ke Delhi, mayafai da sari da kayan ƙamshi na kasuwar Khari Baoli sun fi araha a can, ki taya rabin abinda suka faɗa, in sun ƙi ki yi gaba.